Kafin Kuɗin Ƙananan Hukumomi Su Iso, Wa Ke Gadin Burauzar Ofis?

A kakar da ta gabata na bi hanyar Kano zuwa Jos domin gaida 'yan uwa a yankin Tudun Wada, sai wani dattijo da nake jin nauyinsa, wanda yake cikin shugabannin wata ƙungiyar masu sayen hatsi, ya ja ni zuwa ofishinsu ya ce, "Malam, tunda Allah Ya kawo ka, zo ka karanta mana abin da na'urar nan take faɗa, kwana uku ke nan tana fito mana da jan rubutu." Na shaida masa cewa ni nazarin harshe na karanta, ban san komai a gyaran kwamfuta ba. Ya ce ai su ma matsalar tasu ta harshe ce, domin Turanci na'urar take yi musu. Na rasa abin da zan ce, na ja kujera na zauna.

Kwamfuta ce ta hannu guda ɗaya, mai ɗauke da Windows 7. A cikinta ake shiga asusun bankin ƙungiyar, a cikinta ake tura wa manoman Doguwa kuɗin masararsu, a cikinta akawu yake duba Facebook, da yamma kuma ƙaninsa ya zo ya sauke fina-finai. Kalmar sirrin banki da ta imel duk an bar wa burauza ta riƙe, ita kuwa 'yar wayar da banki ke turo wa lambar tabbatarwa tana kwance a durowar teburin, ba makulli. Jan rubutun gargaɗi ne cewa burauza ta kasa tabbatar da shafin da ake son shiga. Na tambayi akawun, saurayi mai ladabi da ya gama difloma, yadda yake yi idan gargaɗin ya fito. Ya ce, "Ranka ya daɗe, akwai wani ɗan wuri a ƙasa, in ka danna sai ya wuce. In kuma ya ƙi, sai in buɗe tsohuwar." Tsohuwar da yake nufi ita ce Internet Explorer. Daga baya wani mai gyara ya gano cewa batirin agogon kwamfutar ne ya mutu, kwanan wata ya koma baya, wato a wannan karon ba ɓarawo a ƙofa. Amma ni abin da ya hana ni sukuni shi ne yaron ya riga ya koyi cewa gargaɗi abu ne da ake tsallakewa.

Na kawo wannan labari ne domin ina ganin ofishin nan bai bambanta da ɗaruruwan ofisoshinmu ba, na 'yan kasuwa da na makarantu da na hukuma, daga Bebeji da Kiru har Riruwai. Kuma ina ganin lokacin yin maganar ya yi, saboda dukiyar jama'a ta bar akwatin ƙarfe ta koma cikin burauza, alhali gadin bai bi ta ba.

Magabatanmu sun san darajar ƙofar da kuɗi ke bayanta. Tun farkon ƙarni na 20 da aka kafa baitulmalin En'e a masarautun Arewa, akwai Ma'aji, akwai littafin shige da fice, akwai ɗan doka a bakin ƙofa, makulli kuma ba a barin sa a hannun duk wanda ya ga dama. Yau idan ma'ajin ƙaramar hukuma zai biya albashi ko ya sallami ɗan kwangila, shafin banki yake buɗewa. Gwamnatin Tarayya ta tilasta asusun bai-ɗaya tun 2015, JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan ta kwamfuta a wannan shekarar, ƙarancin takardun Naira na farkon 2023 kuma ya tura hatta mai sayar da buhu biyu a Kwanar Dangora ga tiransifa. Sai kuma ga hukuncin Kotun Ƙoli na ranar 11 ga Yuli, 2024, wanda Mai Shari'a Emmanuel Agim ya karanta, da ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu daga asusun tarayya kai tsaye. Mai karatu ya san irin ja-in-jar da aka sha a kan aiwatar da hukuncin a cikin 2025. An yi ta muhawara a kan wa zai riƙe kuɗin, gwamna ko ciyaman, amma ban ji ana tambayar wace na'ura ce za a riƙa taɓa kuɗin da ita a sakatariyoyi 44 na Jihar Kano ba, ko wa ke kula da ita. Idan miliyoyin Naira suka fara sauka kai tsaye a asusun kowace ƙaramar hukuma, ɓarayin intanet ba za su jira a gayyace su ba. NIBSS, wadda ke daidaita hada-hada tsakanin bankunan ƙasar nan, ta ba da rahoton cewa asarar da zamba ta jawo ta tashi daga kimanin Naira biliyan 17 a 2023 zuwa sama da biliyan 52 a 2024.

Ga wanda bai saba da kalmar ba, burauza, wadda wasu marubutanmu ke kira manhajar lilo, ita ce manhajar da ake buɗe shafukan intanet da ita, irin su Chrome da Edge da Firefox da Opera. Aikinta ya ɗauko rubutu da hotuna da umarni daga wata kwamfuta mai nisa, ya aiwatar da su a kan taka. Wato kullum tana karɓar baƙi daga wuraren da ba ta sani ba tana shigo da su cikin gida. Saboda haka manyan kamfanoni a duniya suke ɗaukar ta a matsayin ƙofar da ta fi kowace buƙatar gadi, har suna ware ma'aikata domin ta. Hanyoyin da ake bi a keta ta suna da yawa, amma guda huɗu sun fi shafar ofisoshinmu.

Ta farko ita ce tsufa. Babu manhajar da ba ta da ɓaraka, kuma duk lokacin da aka gano wata, masu ita sukan fitar da faci, kamar yadda ake yi wa taya. Google ya mayar da fitar da sabon Chrome kowane mako huɗu a 2021, a 2023 kuma ya fara fitar da facin tsaro mako-mako. To amma faci yana da wa'adi. Microsoft ya daina yi wa Windows 7 faci ranar 14 ga Janairu, 2020, ya yi wa Internet Explorer ritaya ranar 15 ga Yuni, 2022, Chrome na 109 da ya fito a Janairun 2023 kuma shi ne na ƙarshe da ke hawa Windows 7. Windows 10 ma wa'adinsa ya cika ranar 14 ga Oktoba, 2025, sai ga wanda ya shiga shirin ƙarin lokaci. Abin da ya sa wannan ya zama haɗari shi ne, duk facin da aka fitar wa sababbin na'urori tamkar sanarwa ce ga masu kutse a kan inda tsofaffin suka tsage, kuma Bahaushe ya ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ingila ta ɗanɗana wannan a Mayun 2017, lokacin da cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta bazu a ƙasashe sama da 150 ta hanyar wata ɓaraka ta Windows da aka riga aka fitar wa faci tun Maris. Asibitocin gwamnatin Ingila sun soke ganin likita kimanin 19,000, gwamnatin ta ƙiyasta asarar Fam miliyan 92. Maganin yana nan wata biyu kafin cutar ta zo, ba a dai sha ba.

Hanya ta biyu ita ce abin da burauza ke riƙewa. Ban da kalmomin sirri, duk lokacin da ka shiga wani shafi yakan ajiye mata wata 'yar shaida da ake kira kuki, kamar katin da mai gadi ke ba ka bayan ya tantance ka, domin kada ya sake tsare ka duk shiga da fita. Akwai manhajojin sata da aka ƙera musamman domin kwashe waɗannan, kuma mafi yawan hanyar shigowarsu ita ce manhajar da aka fasa aka raba kyauta, ko shafin sauke fim, ko takardar da aka maƙala a imel. Wanda ya sami kukin imel ɗinka yana iya shiga ba tare da kalmar sirri ko lambar tabbatarwa ba. A Mayun 2025 Microsoft ya ce ɗaya daga cikin irin waɗannan manhajoji, mai suna Lumma, ta kama kwamfutoci sama da 394,000 cikin wata biyu kacal. Kada mai karatu ya ce ai imel ba banki ba ne. Wanda ya zauna a cikin imel ɗin ma'aji yana karanta wasiƙunsa shiru, ya san ɗan kwangilar da za a biya da ranar da za a biya shi, abin da ya rage masa kawai shi ne ya aiko da takarda mai kan kamfanin cewa an sauya lambar asusu. Ma'ajin da kansa zai tura kuɗin, da hannunsa, da lambar tabbatarwarsa.

Ta uku ita ce 'yan ƙananan manhajojin da ake maƙala wa burauza domin sauke bidiyo ko toshe talla ko juya takarda. Da yawansu suna neman izinin karanta duk abin da ke kan duk shafin da ka buɗe, mu kuma mukan danna amincewa ba tare da mun karanta ba. Hatta na kirkin cikinsu ana iya juya su. A Disambar 2024 aka yaudari wani ma'aikacin Cyberhaven, kamfanin tsaron bayanai a Amurka, da imel na bogi, aka sauya manhajarsu ta Chrome da gurɓatacciya, ta shiga kwamfutocin abokan cinikinsu ta hanyar sabuntawa, daga baya masu bincike suka gano an yi wa wasu manhajoji fiye da 30 irin wannan. Idan aka yi wa masu sayar da makulli haka, ina ga ofishin da kowa ke maƙala abin da ya ga dama?

Ta huɗu ita ce shafin bogi, kuma a nan ne maganar ta shigo fagen da na sani. A Satumbar 2025 Microsoft ya ƙwace shafuka 338 na wani gungu mai suna RaccoonO365 da ke ba da hayar shafukan shiga na bogi, ya ce sun sace bayanan shiga aƙalla 5,000 a ƙasashe 94, ya kuma ce jagoransu a Nijeriya yake. Ashe ba sai mun leƙa Rasha ko Koriya ta Arewa ba. Shafin bogi yana iya kwaikwayon komai na shafin gaskiya, launi da tambari da rubutu, ban da abu ɗaya, wato adireshin da ke can sama. Saboda haka sai a yi wa ido wayo. A jera r da n su yi kama da m, a sa lamba 1 a gurbin harafin l. A Afrilun 2017 wani mai bincike, Xudong Zheng, ya rubuta adireshin kamfanin Apple da haruffan da Rashawa ke rubutu da su, Chrome da Firefox suka nuna shi tamkar na gaskiya, har sai da Google ya fitar da gyara.

Mu Hausawa muna da wani rauni na musamman a nan, wanda tarihin rubutunmu ya gadar mana. Shekara da shekaru muna karanta jaridu da saƙonnin waya da ba su bambanta k da ƙ ko d da ɗ, muna ganin "kasa" mu gane ƙasa ake nufi, muna ganin "baki" mu zaɓi baƙi ko baki gwargwadon jimlar. Idonmu ya horu da yafe wa rubutu ƙananan kura-kurai, yana cike giɓi daga ma'ana. Wannan baiwa ce wajen karanta labari, amma wajen karanta adireshi ita ce ainihin abin da mazambaci ke dogaro da shi, domin a adireshi ɗigo ɗaya ya isa ya kai ka gidan wani. Sai dai harshen namu ya ba mu kuma hanyar koyarwa mai sauƙi. A Hausa mai abu a ƙarshe yake zuwa: idan aka ce ƙofar gidan Audu, Audu ne mai gida. Haka adireshi yake. Sashen ƙarshe kafin sanda ta farko mai karkata shi ne mai gidan. Adireshin JAMB na gaskiya da jamb.gov.ng yake ƙarewa, wanda kuwa ya sa sunan JAMB a farko ya ƙare da wani abu daban, gidan wani ne aka rubuta wa sunan JAMB a ƙofa. Na gwada wannan bayani a kan akawun nan, cikin minti biyar ya kama.

Sai maganar gargaɗin kansa. A kwamfutocin ofis da na gani da Turanci yake fitowa, kuma ba Turancin da ake koya a sakandare ba. Yana magana a kan satifiket, alhali a kunnen ɗan Nijeriya satifiket takardar gama makaranta ce. Yana cewa hanyar ba firabet ba ce, alhali firabet a wurinmu asibitin kuɗi ne ko makarantar kuɗi. Kowace kalma akawu ya san ta, jimlar ce ba ta gaya masa komai. Kada kuma a ɗauka mu kaɗai ne. Google ya yi bincike a 2021 ya tarar kashi 11 cikin 100 kacal na waɗanda aka tambaya suka fahimci ma'anar hoton kwaɗon da ke gefen adireshi. Mutane sun ɗauka yana nufin shafin amintacce ne, alhali abin da yake nufi kawai shi ne ba mai leƙa saƙon a hanya, kuma shafin mazambaci ma yana iya samunsa kyauta. A Satumbar 2023 aka cire kwaɗon daga Chrome. Idan masu Turancin sun kasa gane alamar da aka yi musu da harshensu, ban ga dalilin ɗora wa akawun Tudun Wada laifi ba. Hausa ta shiga Google Translate a 2013, ta shiga Facebook a 2016, amma kalmomin da ke tsare dukiya har yau ba mu daidaita su ba, kowane gidan rediyo da nasa.

Darasin da ke cikin wannan duka shi ne, tsaron ofis ba ya tsayuwa a kan hankalin kowane ma'aikaci shi kaɗai. Abin da manyan kamfanoni ke yi shi ne su tsara burauzar daga sama, ta yadda ko ma'aikaci ya yi kuskure ba zai kai ga ɓarna ba. Chrome da Edge suna da tsarin dokoki da mai kula da kwamfutoci zai shimfiɗa, Firefox ma ta samar da nata tun fitowa ta 60 a 2018. Da waɗannan dokoki ana iya tilasta sabuntawa, a hana maƙala kowace manhaja sai wadda aka amince da ita, a hana ajiye kalmar sirri, a toshe wurin da akawu ke dannawa ya tsallake gargaɗi, a kuma jera adireshin banki da na hukumomi a sama ta yadda ba sai an buga su da hannu ko an nemo su a Google ba. Ba a biyan ko kwabo a kan waɗannan. Abin da suke buƙata shi ne mutum guda da aka ɗora wa alhaki, da takardar da ke nuna kwamfuta nawa ake da su da abin da ke kan kowace.

Muhimmancin wannan takarda JAMB ce ta koya mana shi da hawaye. Ranar 14 ga Mayu, 2025, Magatakardanta, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito ya amsa cewa an sami kuskure a sakamakon ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da jihohin Kudu maso Gabas, domin wani gyara da aka yi wa manhajar jarrabawa bai hau wasu na'urori yadda ya kamata ba, aka kuma sa yaran suka sake zama. Babu ɗan kutse a wannan labari. Faci ne ya isa wani wuri bai isa wani ba, ba a kuma gane ba sai da ɓarna ta auku. Hukumar da ta shekara goma tana wannan aiki ke nan. Ya kamata mu tuna da haka ganin cewa a 2025 Ministan Ilimi, Dakta Tunji Alausa, ya ba da sanarwar mayar da jarrabawar WAEC da NECO ta kwamfuta, abin da ke nufin ɗakunan kwamfuta za su ƙaru a makarantun karkara, a hannun malaman da ba a koya wa kula da su ba.

Na san abin da za a ce mini, domin an riga an faɗa mini shi a zaure. Wani zai ce Malam yana maganar faci a garin da wuta ke kwana uku ba ta zo ba, sabis sai an hau tudu, data kuma ta ƙara tsada tun da NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025. Wannan gaskiya ce, kuma ita ce ta sa kwamfutocinmu ke tsufa a tsaye, domin akawun da ke sayen data daga aljihunsa dole ya kashe sabuntawa. Amma amsar ita ce a sa kuɗin data a kasafin ofis kamar yadda ake sa man janareto. Haka nan yawancin kwamfutocin hannu ba za su iya ɗaukar Windows 11 ba, to amma kwamfutar da aikinta buɗe shafin banki ne kawai tana iya hawa Linux, wadda kyauta ce kuma ana yi mata faci. Ofishin da ke iya sayen labule da kujerar ciyaman ba zai ce ya gaza sayen kwamfuta guda ta sashen kuɗi ba.

Wani kuma zai ce, kuma wannan ya fi nauyi, ɓarawon da ke cin kuɗin ƙaramar hukuma ba daga intanet yake shigowa ba, da mota yake zuwa, a gaishe shi a bakin ƙofa. Ban musa ba, da ɗan gari akan ci gari. Sai dai a lura cewa sakacin da ke buɗe wa na waje ƙofa shi ne kuma ke rufa wa na ciki asiri. Inda mutum biyar ke shiga da suna ɗaya da kalmar sirri ɗaya, ranar da kuɗi suka ɓace ba mai iya cewa wane ne ya tura, kowa sai ya ce masu kutse ne. Inda kowa ke da sunansa, na'ura ta rubuta wanda ya shiga da lokacin da ya shiga. Saboda haka ina zargin cewa a wasu wuraren rashin tsarin nan akwai masu jin daɗinsa, kuma duk shugaban da ya ƙi gyara bayan an nuna masa, jama'a suna da haƙƙin su tambaye shi dalili.

Ba kuma kuɗi kaɗai ne a cikin waɗannan na'urori ba. Akwai sunayen ma'aikata da lambobin BVN, akwai jerin masu karɓar tallafi da lambobin NIN, akwai bayanan marasa lafiya da na ɗalibai. A Yunin 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta fallasa shafukan da ke sayar da irin waɗannan bayanai na 'yan Nijeriya a kan kuɗin da bai wuce Naira 100 ba. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta wajabta wa mai riƙe da bayanan jama'a ya sanar da hukumar NDPC cikin awa 72 idan aka keta su ta hanyar da za ta iya cutar da masu su, ta kuma tanadi tarar da za ta iya kai Naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar shekara ga manyan masu riƙe bayanai. Dokar ta shafi hukumomin gwamnati kamar yadda ta shafi kamfanoni. Ofishin da bai san kwamfuta nawa yake da su ba, ta yaya zai san an keta shi, balle ya kai rahoto cikin kwana uku?

Shawarata ga shugabannin ƙananan hukumomin Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, da takwarorinsu, da shugabannin ƙungiyoyin manoma da 'yan kasuwa, ba ta da tsada. A ware kwamfuta guda da ba a yin komai da ita sai harkar kuɗi, ba imel na kai, ba fim, ba filashin baƙo. Kowane ma'aikaci ya sami sunan shigarsa, wanda ba shi da ikon ɗora manhaja. A shimfiɗa dokokin burauza da na ambata. Biyan kuɗi ya zama sai mutum biyu, wannan ya shigar wancan ya amince, kowa da na'urar tabbatarwarsa a aljihunsa. Duk takardar da ta ce an sauya lambar asusu, a kira mai ita a lambar wayar da aka san shi da ita tun da. Wasiƙun hukuma su bar Gmail da Yahoo na mutum su koma adireshin gov.ng da NITDA ke bayarwa, domin ma'ajin da aka sauya wa wurin aiki kada ya tafi da wasiƙun shekara biyar a wayarsa. Mafi muhimmanci, ma'aikacin da ya danna abin da bai kamata ba ya zo ya faɗa, kada a wulaƙanta shi, domin in ya ji tsoro ya ɓoye, ɓarawon ya sami makonni yana zaune.

Ma'aikatar Ƙananan Hukumomi ta jiha ita ce ya kamata ta fitar da ƙa'ida guda ga duka 44, ta sa masu binciken kuɗi su riƙa duba kwamfuta kamar yadda suke duba bauca. Ma'aikatan da za su yi aikin suna nan, ga masu yi wa ƙasa hidima da suka karanci kwamfuta ana tura su koyar da abin da ba fanninsu ba, ga ɗaliban jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil suna neman wurin sanin makamar aiki. Mu kuma malaman harshe akwai namu kason. Cibiyar nazarin harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero, wadda ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006, tana da ƙwarewar da za ta zauna da masana kwamfuta da 'yan jarida a daidaita kalmomi ko da hamsin ne, a gwada su a kan akawu da ɗan POS kafin a buga, a fitar da takarda mai shafi ɗaya da boko da ajami wadda za a manna a bangon kowane ofis, mai bayanin abin da kowane gargaɗi ke nufi da abin da za a yi in ya fito.

Kafin in bar ofishin dattijon nan mun goge kalmomin sirrin da burauza ta riƙe, mun sauya su, mun cire manhajoji uku da akawu bai san lokacin da suka hau ba, wayar lambar tabbatarwa kuma ta koma aljihun ma'ajin ƙungiyar. Na rubuta musu ma'anar jan rubutun da Hausa a bayan wata takardar rasit, akawu ya manna ta a bango. Maganar sabuwar kwamfuta an ce sai an zauna taron wata, kuma da na tambaya bayan wata biyu aka ce ana jira a sayar da hatsi. Irin wannan jira ne nake roƙon shugabannin ƙananan hukumominmu kada su yi, domin ba a fafe gora ranar tafiya, kuɗin da ake ta shari'a a kansu kuwa albashin malamin firamare ne da maganin asibitin ƙauye. Allah Ya sa masu alhakin su ji, su kuma gyara tun kafin a yi ihu bayan hari.